Nemo kod na waƙa da adana gyare-gyare: abin da ya yi mana aiki a situdiyon ƙauye

Yayana, ɗan baffana, yana da situdiyo a ƙauyenmu da ke ƙaramar hukumar Auyo. Kada ku ji an ce situdiyo ku ɗauka irin na Zoo Road a Kano ne. Shago ne ƙwaya ɗaya da aka liƙe bangonsa da soso, sai fiyano Yamaha PSR da ya sayo na hannu a Kano, da makirfo, da laftof ɗina, da batirin sola da ke riƙe mu zuwa bayan isha'i idan an yi rana mai kyau. Masu kawo aiki kuwa su ne masu biki, da 'yan walimar sauka, da sha'irai, da ƙungiyar manoman rani, sai 'yan siyasa idan kakarsu ta zo.

Ni ba makaɗi ba ne. Kwamfuta na karanta a Kazaure, shi ya sa Yaya yake kira na Injiniya, rabi girmamawa rabi tsiya. Aikina a wurin guda biyu ne: in taya shi kamo kod na waƙar da aka kawo, in kuma tabbatar abin da aka canja jiya bai salwanta ba idan mai shi ya dawo jibi ya ce na da ya fi masa. Na gwada manhajoji da dama a kan ayyukan nan biyu, kuma ma'aunina guda ne: me manhajar za ta iya yi a ranar da babu sabis? A wajenmu sabis sai ka tsaya ta gabashin masallacin Juma'a, shi ma in ya ga dama.

Kod, ga wanda bai taɓa zama gaban fiyano ba, sautuka ne uku ko fiye da ake danna su lokaci guda. A irin PSR, da ka danna kod da hannun hagu, ita za ta cika maka bes da ganguna da sauran rakiya. Don haka in ka san kod ɗin waƙa da kii ɗin da take kai, wato sautin da aka gina ta a kansa, ka ci rabin aiki. Mutum zai shigo da waya a hannu ya ce, "Irin wannan kiɗan nake so, amma a sa sunan ƙanwata da na angon." Yaya yana da kunne, zai iya kamowa da kansa. Sai dai bayan kaka, lokacin da bukukuwa suke rututu, kunne ɗaya ba ya isa.

Ultimate Guitar na fara leƙawa, saboda shi ne ya fi suna, tun 1998 yake. Ba na'ura ce take sauraron waƙa a can ba, mutane ne suke rubuta kod da hannunsu su ɗora. In waƙar Turawa kake nema, ka zo gida. Tamu kuwa sai an sami wanda ya zauna ya rubuta, kuma makaɗanmu ba su saba da rubuta kod su watsa ba. Ban daɗe a nan ba.

Chordify daban ne. A ƙasar Holan aka yi shi, ya fito a 2013, kuma tushensa binciken da aka yi ne a jami'ar Utrecht. Kana ba shi adireshin waƙa daga YouTube, na'urarsu ta saurara, ta jero maka kod a cikin akwatuna suna tafiya tare da kiɗan. Ga mai koyo abin yana da daɗin kallo, har da hoton inda za ka sa yatsu a fiyano ko jita. Waƙar situdiyo mai tsabta, wadda aka kaɗa da fiyano tun asali, yana kamo ta da kyau. Amma komai nasa a intanet yake, ga cin datar bidiyo, sannan ɗora fayil ɗinka na kanka da ɗaga kii ko sauke shi suna cikin ɓangaren masu biya. Mu kuwa yawancin abin da ake kawo mana ba ya YouTube. A memori yake, ko an turo shi ta Xender daga waya zuwa waya har ba a san mafarinsa ba.

Moises ya fi burge ni ta fuskar iyawa. Yana raba waƙa gida-gida, murya daban, ganga daban, bes daban, sauran kayan kiɗa daban, sannan ya nuna kod. Wannan rabawar ba ƙaramin abu ba ce, domin in ka cire murya da ganga, kunnenka ma ya fi jin abin da hannun hagu yake yi. Shi ma sai ka tura waƙar can wajensu a sarrafa ta dawo, kuma na kyauta yana da iyaka kan yawan waƙoƙi da tsawonsu. Waƙar biki a nan kuwa, mai jero dangin amarya da na ango har da 'yan ɗaurin aure, ba ta san gajarta ba. Ina ajiye shi ne don ranar da na shiga Haɗejiya, in yi na mako guda a zama ɗaya.

Wanda ya zauna a wayata shi ne Chord ai, don dalili ɗaya tak: a cikin wayar yake yin lissafinsa, ba ya neman sabis. Kana iya kunna waƙa a wata wayar ka kanga masa makirfo, ko ka ba shi fayil. A laftof kuma Sonic Visualiser nake buɗewa, wanda masu binciken kiɗa na jami'ar Queen Mary da ke Landan suka yi, kyauta ne, ka haɗa masa wani ƙari mai suna Chordino. Fuskarsa ba ta da kyan gani ko kaɗan, kuma ranar farko sai ka yi haƙuri. Amma shi ne yake nuna maka sautin da idonka, ka ja baya, ka rage gudu, ka maimaita daƙiƙa huɗu sau goma har ka gamsu.

Yanzu ga inda dukkansu suke haɗuwa, kuma nan ne na fi so a fahimta. Kusan duk irin waɗannan manhajoji a kan tunani ɗaya aka gina su. Suna ɗaukar duk ƙarar da ke cikin ɗan taƙin lokaci su rarraba ta cikin sautuka 12 na fiyano, daga C zuwa B, su ga waɗanne ne suka fi ƙarfi, sannan su ce wane kod ne ya fi kama da wannan haɗin. To kod iri biyu aka fi amfani da su, mejo da maino, kuma kod ɗin C mejo shi ne C da E da G. Na A maino kuma A da C da E. Sautuka biyu cikin uku iri ɗaya ne. Idan bes bai fito sosai ba, kamar a waƙar da aka naɗa da waya ko aka turo ta saƙon murya, na'ura tana iya rikita su cikin sauƙi. Waƙoƙinmu kuwa da yawa a maino suke zaune.

"Injiniya, me na'urarka ta ce?"

"Yaya, ta ce C."

"C ina? Saurari ƙasan. A kan A yake hutawa."

Na ja baya muka saurara, haka ne. In ka kaɗa C a wurin ba za a ce ka yi kuskure ƙarara ba, amma waƙar za ta rasa wannan ɗan sanyin da ke sa uwar amarya hawaye. Tun daga nan na ɗauki ƙa'ida: abin da manhaja ta bayar zato ne na farko, sai Yaya ya danna ya ji kafin in rubuta.

Wannan a waƙar fiyano ke nan. In aka zo kiɗan gargajiya, zancen ya canja gaba ɗaya. Fiyano da manhajojin nan duk sun yarda cewa sautin A yana kan 440, wato rawar iska sau 440 a daƙiƙa. Mai gurmi bai san da wannan yarjejeniya ba. Da muryarsa yake ɗaure tsirkiya, yau nan gobe can, gwargwadon yadda maƙogwaro ya tashi. Idan sautinsa ya faɗa tsakanin maɓallai biyu na fiyano, sai ka ga manhaja tana tsalle daga wannan kod zuwa na kusa da shi ta dawo, alhali mutumin bai motsa daga wuri ɗaya ba. Kalangu ya fi ba ta wahala, domin ana matsa shi a hammata sautinsa ya hau ya sauka, ita kuma ta ɗauka bes ne yake canja kod. Sannan asalin maganar, kiɗan gurmi da kukuma da garaya ba a kan jerin kod aka gina shi ba. Zaren sauti ne yake zagayawa, galibi a kan sautuka biyar, murya tana bi, 'yan amshi suna karɓa. Ka tambayi na'ura kod, dole ta ba ka wani abu, don an yi ta ne ta amsa.

Wani dattijo mai gurmi ya zo naɗar waƙar ƙungiyar manoma, ana so a ɗora masa fiyano a ƙasa. Na ce, "Baba, ko za a ɗan ƙara ɗaure tsirkiyar ta dace da fiyano?"

Ya dube ni ya ce, "Yaro, gurmin nan ya girmi fiyanonku. Ku dai ku biyo shi."

A nan Sonic Visualiser ya biya ni wahalar koyonsa. Cikin kayan da suke zuwa tare da Chordino akwai wanda yake auna inda ɗaurin waƙa yake. Ya nuna Baba yana ƙasa da 440, wajen 430. PSR kuma tana da wurin sauke ɗaurinta gaba ɗaya. Muka sauke ta ta sami Baba a inda yake, Yaya ya riƙe kod biyu kacal a ƙasa, D maino da C, ya bar gurmin ya yi magana. Babu wata manhajar waya cikin waɗanda na ambata da nake komawa gare ta don wannan aikin.

To an kamo kod, ina za a ajiye? Da can littafin makaranta ne mai layi, da hotunan shafukansa a waya, da fayilolin Word masu suna irin "waƙar manoma sabo", "waƙar manoma sabo na ƙarshe", "na ƙarshe wallahi". Abin da ya raba mu da wannan shi ne wani tsarin rubutu da ake kira ChordPro, wanda ya samo asali tun 1991. Ba wani abu ba ne illa rubutu zalla, ka sa kod a cikin baka mai kusurwa daidai gaɓar da za a danna shi:

[Dm]Alkama ta nuna a [C]fadama, ku [Dm]fito da lauje

Ko Notepad zai buɗe shi, kowace waya za ta karanta shi, waƙa guda ba ta kai nauyin hoto ɗaya ba. Akwai manhajojin da suke mayar da shi shafi mai kyau, kod a sama baiti a ƙasa, su ɗaga maka kii in kana so. Kuma da yake rubutu ne zalla, sai ya buɗe ƙofar Git, manhajar da ke adana tarihin gyare-gyaren fayil.

Linus Torvalds ne ya rubuta Git a watan Afrilu na 2005, lokacin da masu gina Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, suka rasa damar amfani da BitKeeper, manhajar da suke adana gyare-gyarensu da ita, kyauta. Don masu rubuta manhaja aka yi shi, amma shi bai damu da abin da ke cikin fayil ba, muddin rubutu ne. Aikinsa irin na littafin bashin mai kanti ne: ba a goge shafin jiya, sai dai a ƙara sabon layi da kwanan wata da bayani. Duk sanda aka gama wani gyara, sai in yi git commit, wato komit, umarnin adana gyaran a tarihi, in rubuta dalili, misali "an cire baitin kawun ango, sun ɓata". Tarihin gaba ɗaya yana cikin foldar a laftof. Ba ka buƙatar intanet don ka adana, ko ka duba na baya, ko ka koma masa. Mutane da yawa suna ɗauka Git da GitHub abu ɗaya ne. GitHub shafi ne da aka buɗe a 2008, Microsoft ta saye shi a 2018 kan dala biliyan 7.5, wurin ajiye kwafi ne da yin aiki tare. Kana iya shekara kana amfani da Git ba ka taɓa leƙa shi ba.

Ranar da Yaya ya yarda abin yana da amfani, ɗan takarar kansila ne sanadi. An yi masa waƙa, an kira jam'iyya da alamarta a amshi da baiti uku. Kafin a kai ga zaɓe ya sauya sheƙa, yaransa suka zo a canja. Na buɗe reshe, wato kwafin da zai yi tafiyarsa daban ba tare da ya taɓa na asali ba, muka yi gyaran a can. Canja alama ya ja canja amsa-amo, canja amsa-amo ya ƙara gaɓa, ƙarin gaɓa ya matsar da inda ake shiga kod. Ba a jima ba aka yi sulhu, mutumin ya koma gidansa na da. Yaran suka dawo suna so a mayar, amma a bar musu sabon baitin da aka yabi mahaifiyarsa, don ya fi so. Na koma reshen asali na ɗauko wannan baitin kaɗai. Yaya yana tsaye a kaina yana kallon baƙin allo, ja na nuna abin da aka cire, kore na nuna abin da aka ƙara. Ya ce, "Ashe abin naka ba wasa ba ne." A wajensa wannan babban yabo ne.

Abubuwa biyu ƙanana ga mai rubuta Hausa a Git. Na farko, yana kwatanta fayil ne layi da layi, don haka kowane ɗango ka ba shi layinsa, kuma ka riƙa amfani da git diff --word-diff don ya nuna maka ainihin kalmar da ta canja, ba layin duka ba. Na biyu, in sunan fayil yana da ƙ ko ɗ ko ɓ, zai nuna maka shi da wasu lambobi masu ban tsoro. Fayil ɗin lafiyarsa ƙalau. Ka rubuta git config core.quotepath false sau ɗaya, haruffan su fito yadda suke.

Sauran abokan takararsa fa? Subversion ya girme shi, tun 2000, kuma an tsara shi ne a kan uwar ma'ajiya guda da kowa zai je ya ajiye. A ofis mai intanet tsayayye ba laifi, a ƙauye mai mutum biyu da sabis na ganin dama bai dace da mu ba. Mercurial sa'an Git ne, wata guda suka fito, kuma a ganina umarninsa sun fi sauƙin shiga kai. Amma jama'a sun karkata ga Git, har Bitbucket, wani shafi irin GitHub, ya daina karɓar Mercurial a 2020, kuma in ka maƙale da dare, wanda za ka tambaya a waya Git ya sani. Fossil ne ya tsaya min a rai. Richard Hipp ne ya yi shi. Manhajar fayil ɗaya ce, ma'ajiyar tarihin ma fayil ɗaya ce, kuma yana buɗe maka shafi a burauza ka ga jerin gyare-gyare ba tare da intanet ba. Da yau zan fara, kuma da don Yaya kaɗai ne, da wataƙila shi zan ɗauka, domin kwafar fayil ɗaya a filash abu ne da kowa ya iya. Abin da ya riƙe ni, Git ma yana da git bundle, wanda yake ƙunshe tarihin duka a fayil guda. Ina tura shi wayata ta Xender, a wayar kuma akwai Termux, manhajar rubuta umarni irin na kwamfuta, da Git a ciki. Idan na sami sabis mai ƙarfi sai in tura kwafi ma'ajiyar sirri a GitHub, wadda take kyauta tun 2019.

Google Drive da Google Docs su ne abin da yawancin mutane za su fara tunani, kuma ban raina su ba. Docs yana riƙe tarihin gyara da kansa, ba sai ka koyi umarni ba, kuma ga sha'irin da ke Kano yana gyara baiti muna gani daga nan, babu kamarsa. Amma ba ya ba ka reshe irin na ɗan takarar nan, kuma duba tarihin sai da sabis. Drive kuma, ga fayil irin na sauti, tsohon zubi kwana 30 yake riƙewa sai in ka ce masa ya ajiye dindindin.

Inda Git ya gaza shi ne sauti, kuma gara a faɗa wa mutum tun kafin ya cika laftof ɗinsa. Fayil ɗin WAV mai ingancin faifan CD yana cin kusan megabait 10 a kowane minti. Waƙar minti takwas ta haura 80. Git ba ya iya gane cewa murya kaɗai aka ɗaga a baiti na uku, don haka kusan duk zubin da ka adana sabon nauyi ne, kuma ba ya zubar da na baya. Zubi goma ka doshi megabait 800 a waƙa guda. GitHub ma ba ya karɓar fayil ɗin da ya wuce megabait 100 ta hanyar da aka saba. Akwai Git LFS don manyan fayiloli, amma shi ma ya dogara da ma'ajiya a intanet, ka ga an dawo gidan jiya. Fayil ɗin aikin FL Studio, manhajar haɗa kiɗa a kwamfuta, kuwa ba rubutu ba ne, Git zai adana shi amma ba zai gaya maka me ya canja a ciki ba. Shi FL Studio yana da nasa: ka danna Ctrl da N ya ajiye sabon zubi da lamba a ƙarshen suna. Yaya ya riƙe wannan, ya ishe shi.

Don haka rabon da muka yi shi ne, baituka da kod da fayilolin MIDI, masu riƙe bayanin maɓallan da aka danna, da bayanin saitin fiyano, har da lambar ɗaurin gurmin Baba, suna cikin Git. Sauti yana had-dis guda biyu, ɗaya a shago ɗaya a ɗakina, kowace waƙa da foldarta, suna yana farawa da shekara da wata da rana don su jeru da kansu. A cikin bayanin kowane komit ina rubuta sunan fayil ɗin sautin da ya yi daidai da wannan zubin baitukan. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci nake kwafe na shago zuwa na gida, in batiri ya cika.